Alamar Debewa a Layi na Uku

A sashen lissafi na wata kwaleji, in ka hau bene ka bi baranda har ƙarshe, akwai wani ɗan ofis kusa da matakala wanda tagarsa ba ta tsayawa a buɗe sai an tokare ta da littafi. A nan Mama Tafireta ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga takardu. Ita tafiretar an daɗe da kai ta sito, an kawo kwamfuta, amma sunan ya zauna daram. Kowane sabon aji sai ya gaje shi daga na gabansa, har matasan malaman da ba su taɓa jin ƙarar tafireta ba haka suke kiranta, ita kuma ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba.

'Yar mai gyaran agogo ce. Karatunta ya tsaya a aji uku na sakandare, shekarar da mahaifin ya rasu ya bar su da teburi cike da agogunan mutane. Abin da ta gada a wurinsa shi ne haƙurin zama da ƙaramin abu har sai ya hau daidai. Ta koyi buga takardu a wani shago bayan gidan waya, ta sami aiki a kwalejin, ta auri wani direban bas mai yawan surutu da dariya. Shi ne yake tsokanarta cewa ko hira ake yi yatsunta na buga hannun kujera, kuma wata rana sai ya sa takarda a ƙarƙashi ya ga abin da take rubutawa a kansa. Sun haifi 'ya ɗaya, ta girma ta yi aure a wani gari. Direban ya rasu da daɗewa, kuma tun daga nan ofishin nan ya zama rabin gidanta.

Cikin malaman sashen akwai wanda ɗalibai suke kira Mayar-Ka-Gani, amma a bayan idonsa. Ita Malam take ce masa, shi kuma ya ce mata Malama, tun tana yarinya ɗanya. Ya riga ta zuwa da shekara biyu. Dogo ne, siriri, ba ya son taro, ba ya neman girma, shi ya sa yaran da ya koyar suka zo suka wuce shi yana nan inda yake. Rubutunsa kuwa sai wanda Allah ya ba ido. Musamman alamar debewa, wadda yake ɗan ja ta siririya kamar gashin ido ya faɗi a kan takarda.

A makonta na farko ta tsallake guda. Ya shigo da takardar a hannu, ita kuwa ta riga ta shirya shan faɗa. Maimakon haka sai ya jawo kujera ya zauna, ya juya takardar ya rubuta layi biyu a bayanta:

x + 2y − z = 0
2x + 4y − 2z = 0

"Malama, dubi layi na biyu. Me kika gani?"

Ta duba, ta sake dubawa. "Kamar na farkon ne aka ninka."

"To ashe bai zo da sabon abu ba. Mutum biyu ne suka kawo miki labari ɗaya. Abu uku ne ba mu sani ba, sharaɗi ɗaya tak ya ɗaure su. Don haka x ɗaurarre ne, y da z sakakku, ki ba su duk lambar da kika ga dama. Ba y ɗaya, ki ba z sifili. Nawa x zai zama?"

Ta lissafa da yatsa. "Biyu, amma da alamar debewa."

"Madalla. Yanzu juya, y sifili, z ɗaya."

"Ɗaya."

"To kin sami amsa biyu, su ake kira tushe. Duk wata amsa da za ta mayar da layukan nan sifili, daga waɗannan biyun aka haɗa ta. A ninka wannan, a ninka wancan, a tara. Amma kada ki yarda da ni. Mayar ki gani."

Ta mayar da lambobin cikin layin ɗaya bayan ɗaya, sifili ya fito sau biyu. Ta ji wani daɗi da ba ta san sunansa ba, har ta rufe baki da hannu.

Sai ya rufe alamar debewar da ke layi na biyu da ɗan yatsa. "Ga abin da kika buga, debewa ta koma tarawa. Yanzu layi na biyu ya sami bakin kansa, ya ɗaure z, dole ya zama sifili. Tushe ya koma ɗaya, ni kuma na ce wa yara su nemo biyu. Yaro zai ɓata awa guda yana neman abin da babu, ya fita yana ganin shi ne daƙiƙi. Wannan ɗan layin da kika raina, abin da yake yi ke nan."

Ba ta sake tsallake ko guda ba. Amma abin bai tsaya nan ba, domin ita irin mutanen nan ce da in suka ga cikin agogo sau ɗaya, hankalinsu ba ya kwanciya. Lokacin hutun rana, idan abokan aiki sun sauka cin abinci, sai ta ɗauki fensir da bayan takardun da suka lalace, ta bi amsoshin Malam mataki mataki. Ta gane yadda ake debe layi daga layi har lambobi su jeru kamar matakala. Ta gane yadda ake ƙirga ɗaurarru, a cire su daga jimla, abin da ya rage su ne sakakku, kuma yawansu shi ne yawan tushe. Manyan sunayen da ke cikin littattafai ba ta san su ba, ba su kuma dame ta ba. Babu wanda ya san tana yi. A idon mutanen sashen ita dai yatsu ce da ke kusa da matakala, kuma masu ilimi ba su cika duba abin da ke teburin mai buga takardu ba sai in nasu ne ya makara.

Haka aka yi shekara ashirin da tara lafiya lau. Sannan wata rana ta mayar da amsar Malam, sifili ya ƙi fitowa.

Ta ɗauka ita ce. Ta sake, ta sake, sannan ta kai masa tana sunkuyar da kai. "Malam, ko ni ce ban gane rubutun ba?" Ya duba, ya yi dariya, ya gyara, ya ce tsufa ya fara aiko gaisuwa. Na biyu ma haka, na uku ma haka. A na huɗu ne ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo. Yatsansa ya bi layin ya dawo, ya sake bi ya dawo. Sai ya ɗago ya daka mata tsawa, ya ce ita aikinta bugawa ne, wa ya sa ta shiga abin da ba ta sani ba. Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Tsawar ba ta dame ta ba kamar abin da ta gani a fuskarsa, domin tsoro ta gani ƙarara, irin na mutumin da ya buɗe ƙofar gidansa ya tarar bai san ɗakin ba. Ta ce, "Yi haƙuri, Malam," ta fita, ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska.

Daga ranar ba ta sake kai masa komai ba. Duk takardar da ya kawo sai ta warware ta da fensir kafin ta buga. Inda ya tsallake alama ta mayar, inda ya rubuta bakwai a wurin ɗaya ta gyara, ta buga mai kyau ta ba shi, ta cusa rubutun hannunsa a durowar ƙasa ƙarƙashin tsofaffin fayiloli. Idan ta hango shi a baranda da alli a hannu ya tsaya yana duban ƙofofi, sai ta fito da gudu da kowace takarda ce ta zo hannunta. "Malam, ka manta takardarka ta 'yan aji biyu, ga su can suna jira a ɗaki na shida." Ya karɓa ya ce, "Ai can na nufa."

Wata rana matar Malam ta hau benen, tana haki, ta zauna a kujerar baƙi. Sun san juna shekara da shekaru, tare suka yi zaman makokin direban. Suka gaisa, suka tambayi yara.

"Kin lura ko?" in ji matar.

"Da me, Yaya?"

"Haba ƙanwata, ni za ki ɓoye wa? Jiya da safe ya tambaye ni ina mahaifiyarsa ta tafi." Ta share ido da gefen mayafi. "Saura wata tara ya yi ritaya. Ba na roƙon komai sai ya fita da ƙafarsa, a yi masa bankwana kamar kowa. Kada a fitar da shi yara suna nuna shi da baki. Mutumin nan ba shi da komai sai sunansa."

"In Allah ya yarda zai fita da ƙafarsa," in ji Mama Tafireta. Ta faɗa kamar abin a hannunta yake, kuma daga ranar haka ta ɗauke shi. Kowace safiya in ta zo sai ta dubi kalandar bango ta ga saura nawa.

Wata biyar suka wuce asiri a rufe. Sai jarrabawar ƙarshen zango ta zo. Sauran malamai sun ba da tambayoyinsu tun da mako biyu, Malam kuwa kullum sai ya ce gobe. Sai a ranar ƙarshe, saura awa guda a rufe, ya shigo da takardarsa, jami'in jarrabawa na biye da shi riƙe da ambulan da makullai. Jami'in ya jingina da ƙofa yana kaɗa makullan.

"Mama, a taimaka, injin na jira."

Fensirin na nan gefen hannunta, amma ina halin ɗauka? Mai buga takardu ta zauna tana warware tambayar jarrabawa a gaban jami'i, ai tambayar da za ta biyo baya ita ce tun yaushe, kuma don me. Ta fara bugawa. Da ta zo tambaya ta huɗu, layi uku ne da abu huɗu da ba a sani ba, an ce a nemo tushe biyu. Idonta ya maƙale a layi na uku. Wani abu a jikinta ya ce mata ba daidai yake ba, amma lambobin manya ne, ba za su warwaru a ka ba. Makullai na ta ƙara a bayanta. Ta buga abin da ta gani, aka ɗauka, aka liƙe ambulan, aka buga hatimi.

Suna fita ta jawo fensir. Ba ta yi minti goma ba ta gani. Alamar debewa ce babu a layi na uku, kuma tushe ɗaya ne.

Kwana uku tsakanin ranar da jarrabawa, kuma a kwana ukun nan abinci bai yi mata daɗi ba. Sau biyu tana zuwa har ƙofar Shugaban Sashe ta juyo. In ta ce akwai kuskure, za a ce yaya aka yi ta sani, a nemi rubutun hannu, a buɗe durowa. In ta yi shiru, yara ɗari da goma sha biyu za su shiga neman abin da babu. Ta auna, ta zaɓi Malam. Ba zan ce ta yi daidai ba, ita ma ba ta taɓa cewa ta yi daidai ba.

Ranar jarrabawa ta sami dalilin wucewa ta gefen zauren. Ta taga ta hango wata ɗaliba a layin gaba, mai ƙoƙari ce, kullum ita ke zuwa karɓar takardun aji. Tana gogewa tana sake rubutawa, tana gogewa, har takardar ta huje. Da aka tashi ɗalibar ta biyo ta ofis, idonta jajur. "Mama, ɗaya na samu. Na mayar, daidai ne, amma an ce biyu. Ko dai kaina ne ya toshe?" Mama Tafireta ta ce mata ta je ta huta, Allah zai dafa. Maganar ta fito mata da ɗaci, ta tsani kanta ranar.

Ɗalibai suka rubuta ƙorafi, wani matashin malami ya warware tambayar ya tabbatar. Shugaban Sashe ya kira su ofishinsa, ita da Malam da jami'in. Shi ma Shugaban, ɗalibin Malam ne a da, har yanzu in ya gan shi miƙewa yake yi. An daɗe ana kawo masa ƙananan maganganu a kan Malam yana toshe kunne. Ya ce a kawo rubutun hannu a gwada da wanda aka buga.

"Ya ɓata, ranka ya daɗe," in ji ta. "Amma ba sai an nema ba. Alamar tana nan a nasa, na tuna. Ni ce na tsallake."

"Ke, Mama? Tun ina ɗalibi ban taɓa jin an kama ki da ko waƙafi ba."

"Ido ya tsufa, ranka ya daɗe."

Shugaban ya sauke ajiyar zuciya, har kana iya ganin nauyin da ya sauka daga kafaɗarsa. Ya ce za a soke tambayar, a gyara wa yara makinsu, ita kuma dole a ba ta takardar gargaɗi, ta yi haƙuri, doka ce. Ta ce ta gode. Malam na zaune hannayensa a kan gwiwa. Ta koma ofis tana lissafin cewa saura wata huɗu, kuma za a iya.

Abin takaicin ciwon mantuwar nan shi ne yakan bar wa mutum wasu ranaku masu haske, kuma ranar tana cikinsu. Wajen ƙarfe uku Malam ya shigo ya turo ƙofa ya zauna.

"Malama, ba ni takardata."

"Ai na ce ta ɓata, Malam."

"Kin ce wa Shugaba. Ni nake tambaya yanzu. Ke ba kya ɓatar da takarda, ba kya kuma tsallake alama. Ba ni."

Ta yi ta maza ta sunkuya, da niyyar zaro guda ɗaya ta rufe durowar. Amma durowar tsohuwa ce, sai ta zamo gaba ɗaya ta faɗo ƙasa, takardu suka baje. Duk rubutunsa ne, kowace da alamun fensirinta a gefe, ƙanana, a tsare. Ya sunkuya ya kwaso. Ya shiga dubawa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana tsaye ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Duk ke kika warware su?"

"Kai ka koya min, Malam."

Ya ɗaga wata takarda ya kusanto da ita fuskarsa. "Wannan ma hanyarki ta fi tawa gajarta." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Ya nemo ta jarrabawar, ya sa yatsa a layi na uku, ya daɗe a wurin. "Yara nawa suka zauna?"

"Ɗari da sha biyu."

"Kuma kin sani kafin su shiga."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Ba faɗa nake yi ba," ya ce a hankali. "Don ni kika yi. Amma kin ga inda ya kai mu."

"Saura wata huɗu, Malam. Wallahi zan iya. Zan riƙa zuwa gida in karɓi takardun tun da wuri, babu wanda zai sake tsaya min a kai. Na yi wa Yaya alkawari za ka fita da ƙafarka."

"Na san za ki iya. Amma ba kya shiga aji tare da ni, Malama. Allah kaɗai ya san abin da na rubuta musu a allo shekara biyun nan, su kuma suna kwafa saboda sun yarda da ni." Ya miƙa hannu. "Ba ni farar takarda. Da ƙafata zan fita, yau kuwa, tun ina iya gane hanyar."

Ya rubuta a kan teburinta, a hankali, yana tsayawa yana tunani. Ya ce kuskuren nasa ne, mai buga takardu ba ta da laifi, a janye mata gargaɗin. Ya ce ba shi da lafiyar da zai ci gaba da koyarwa, yana roƙon a sallame shi, a kuma sa wani ya sake bi wa ɗalibansa darasin zangon. Ya miƙa mata.

Ta karanta. Kwanan watan da ya sa na shekara goma sha biyu baya ne. Sunan da ya rubuta a sama na tsohon shugaban sashe ne wanda ya daɗe da rasuwa. A tsakiya kuma ya maimaita jimla ɗaya sau biyu. Hannunta ya tafi wajen fensir da kansa.

"A'a," in ji shi. "Yadda na rubuta. Kada ki taɓa komai."

"Malam, akwai wurin da..."

"Na gani a fuskarki. Ban san inda yake ba, amma bar shi. Yaron nan, Shugaba, yana jin kunyata. In kika kai masa takarda mai tsabta zai ce ƙalau nake, ya roƙe ni in zauna, ni kuma gobe ƙila na manta dalilin da ya sa na rubuta, in yarda. Bari ya gani da idonsa."

Ta zauna gaban kwamfutar. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa buga kuskure tana sane ba, yatsun ma sai da ta tilasta musu. Ta buga tsohuwar shekarar, ta buga sunan mamacin, ta buga jimlar sau biyu, tana kallon allon ta cikin hawaye. Takarda ce da ba ta cika rabin shafi ba, amma ta ci mata kusan rabin awa.

Da ta fito daga inji ta ba shi. Ya gyara tabarau, ya bi kowane layi da yatsa daga sama har ƙasa, ya koma ya sake bi, yana neman abin da ta gani. Bai same shi ba.

"Yana nan dai ko?"

"Yana nan, Malam. Guda uku."

Ya gyaɗa kai, ya ari bironta, ya sa hannu.